Agolan Iya Asibi Ya Ƙi Ci

"Ina gajiya na ce, Iya. Ko kunnuwan ma sun bi haƙoran ne?"

"Na ji ka sarai. Wuce ka fara gaida wanda ka zo dominsa. In ya amsa maka, sai ka kawo mini ragowar gaisuwar."

Iya Asibi ba ta ko ɗago kai daga gyaɗar da take ɓarewa ba. Alhali tun babur ɗin yana gangaren rafi ta gane kukansa, ta tashi ta ƙara itace a murhu, ta sauya ɗankwali, sannan ta dawo tabarma ta haɗe rai kamar wadda aka yi wa babban laifi.

Mujitaba jikanta ne, ɗan babban ɗanta. A birnin Kano aka haife shi, can ya tashi, sai bara neman abinci ya kawo shi wankin kuza a Riruwai. Shi kuwa wanda ya zo dominsa ba mutum ba ne, damo ne. Da damina ya tsinto shi a wani tsohon ramin haƙar kuza, ruwa ya kusa shanye shi. Abokan ɗakinsa suka ce ko su ko ƙadangare, sai ya ɗauro shi a kwali ya kawo shi ƙauyen kakarsa da ke gefen Doguwa. Ya gyara masa tsohon akurkin kaji, ya ƙara wa katangar tsawo, ya malale ƙasan da siminti don kada ya haƙa rami ya gudu. Iya Asibi ta leƙa ta ga baƙo ya miƙe ƙafa a gidan da ba na ubansa ba yana jiran a kawo masa abinci, nan take ta raɗa masa suna Agola.

Duk damina Agola ya ci ya yi ɓulɓul. Fara, gyare, dodon koɗi, har da ƙwan zabin Iya ranar da ta tashi da kirki. Ruwa na ɗaukewa, aka fara yankan dawa, sai ya rufe bakinsa gam.

Mujitaba ya leƙa akurkin, ya dawo fuska a murtuke.

"Iya, me kika yi wa yaron nan?"

"Wane yaro? Ni duk yaran da aka taɓa ba ni riƙo da ƙafa biyu suke tafiya."

"Farar da na zuba masa ranar Talata tana nan yadda na bar ta. Har tururuwa ta kafa gari a kai."

"To ni zan tauna masa? Maigida, ka ji tsoron Allah. Ka jibge mini ɗa mai harshe biyu, ba ko sannu, yanzu kuma ka zo kana yi mini shari'a a tsakar gidana?"

"Ya rame, Iya. Dubi wuyansa."

"Kama ce ta fito. Da ƙiba ce ta ɓoye ta, yanzu kowa ya gan shi ya ga ubansa. Wuyan nan naka ne sak, har tafiyar."

"Ni dai na san a dangin wa ake samun fata mai yamutsewa."

"Ka ji ɗan banza! Fatar nan da kake gani, a zamaninta samari daga Tudun Wada suke tahowa a ƙafa don su kalle ta ranar kasuwa."

"Suka kalla suka koma a guje. Iya, bar zancen samari. Hantar da kika sa Hajara maƙwabciyarki ta bugo mini waya in sayo fa? Kika ce ƙila ita zai taɓa."

"Na kai masa. Ya zaro harshen nan nasa ya shinshina, ya kau da kai kamar an miƙa masa dusa."

"Sai kuma hantar ta yi ina?"

"In bar ta ta ruɓe? Almubazzaranci ba kyau, ko ba a gaya muku a can?"

"Wato ke kika cinye."

"Na dai taimake ta."

"Da wane haƙorin? Biyu gare ki, su ma ba sa ga maciji da juna, ɗaya na gabas ɗaya na yamma."

"Biyun nan sun ci naman da kai da ubanka ba ku taɓa gani ba. Kai da ka zo duniya baki fayau kamar ɗan tsako, ni na fara ɗura maka kunu, yau kai ne mai leƙa mini baki?"

"Shi ya sa na ce Agola ya fi ni wayo. Ni ban san komai ba na hangame baki na sha. Shi kuwa ya dubi hannun mai kawo abincin ya ce a kai kasuwa."

"Hannuna? Hannun da ya ciyar da kakanka shekara da shekaru, bai taɓa barin loma a kwano ba?"

"Allah ya jiƙan Malam. Haƙuri ya yi ta yi. Da ya ga ba ki da niyyar sauya miyar kukar nan sai ya riga ki tafiya."

"Amin. Ya tafi ya bar ni da magajin da ko gishiri ba ya kawowa. Ni kam ban yi sa'ar miji na biyu ba."

Ta jefe shi da ɓawon gyaɗa. Ya kauce, ya zauna a gefen tabarmar, ya ɗibi wadda ta ɓare ya watsa a baki ba tare da neman izini ba.

Masifa take yi da baki, amma ranta fari ƙal, kuma akwai abin da take ɓoyewa. Asibi a gona ta buɗe ido. Ta san damo kamar yadda ta san kaza. Idan ruwa ya ɗauke, ciyawa ta bushe, sai ya nemi rami ko tsohon shuri ya shige, ba ci ba sha har ruwan farko ya sauka. Ba ciwo ba ne, haka Allah ya yi shi. Kowa a ƙauyen ya san haka, ɗan birni ne kaɗai bai sani ba. Ita kuma ta bi maƙwabta ta ja kunnensu, musamman Hajara mai waya, ta ce duk wanda ya gaya masa ba ita ba shi.

Dalilinta ba mai wuyar ganewa ba ne. Kafin zuwan Agola, sau ɗaya Mujitaba ya taka gidan nan. Ya ajiye sukari da ganyen shayi, ko takalmi bai cire ba ya juya. 'Ya'yanta suna Kano da Kaduna, sai dai ta ji muryarsu a wayar Hajara, ita ma a gurguje. Da damo ya zo, jika ya koma zuwa duk Juma'a. Da damo ya ƙi ci, ya ƙara da Talata. Tsohuwar da ta saba cin tuwonta ita kaɗai tana hira da kaji, yau ga ta da mai zama a tabarmarta yana tsokanarta son ransa, tana ramawa har muryarta ta dushe. In ta ce masa Agola kwanciya zai yi har damina, me kuma zai sake kawo shi? Wannan tsoron ne ya ɗaure mata baki.

"Ni fa ina ganin azumi yake yi," in ji ta, don ta ɗan rage wa kanta nauyi. "Ya ga ubansa ba ya tashin asuba, ya ce bari shi ya nema wa gidan albarka."

"In azumi ne ai da magariba sai a sha ruwa. Wannan yajin aiki ne, kuma ke ake yi wa."

Ya tashi ya kwanto ledar da ke rataye a hannun babur. Iya ta miƙa wuya.

"Hantar ce?"

"Hanta ta ƙare, tsohuwa. Mahaucin Doguwa har ya fara tambayata ko mai jego gare ni a gida."

"Sai ka ce masa amarya gare ka."

"Na ce masa amaryar ta ga zamanin da ake zuwa Kano a kan jaki."

Ya zazzage ledar a tabarma. Ga kwalba mai ruwan magani ja, ga sirinji babba ba allura, ga kuma wani buhu a naɗe.

"Wannan fa?"

"Maganin sa cin abinci ne, na yara. Mai kemis ya ce in yaro ya sha sai an ɓoye tukunya."

"Ka gaya masa yaron naka da wutsiya?"

"Bai tambaya ba."

"Buhun fa?"

"In na ɗura masa yau bai ci ba, in tafi da shi. Gobe akwai motar da za ta Kano. In kai shi wajen likitan dabbobi, in ya so ya zauna can gidan Baba gaba ɗaya. Ke kuma ki huta, tun da kullum cewa kike ya dame ki."

Iya Asibi ta zuba wa buhun ido. Wannan kam ba ta hango shi ba. Ita a zatonta shirun nata jika kawai zai riƙa jawo mata, ashe zai iya kwashe mata jikan da damon a buhu ɗaya. Sai tsoron ya juye mata zuwa faɗa, don ita ba ta san wata hanyar fitar da shi ba.

"Kano? Ka ɗauki ɗan da na raina ka kai shi Kano? Wa zai kama masa fara a can, uwar taka da ke hawa kujera in ta ga kyankyaso?"

"Ɗazu kika ce ke ba ki da ɗa mai ƙafa huɗu."

"Ɗazu daban, yanzu daban. Ni na yi ta bin gonaki da tsintsiya da sassafe ina bugun fara, har mutane na cewa Asibi ta fara taɓuwa. Ni na tone juji da hannuna ina tsinto masa tsutsa. Ranar da aka yi ruwan ƙanƙara ni na fita na rufe masa akurki da tabarmar sallata. Kai me ka yi? Ka zo ka tsaya a kansa ka riƙe ƙugu kamar malamin gona?"

"Ni na ciro shi daga rami."

"Ni kuma na ciro ubanka daga cikina. Ka taɓa jin na yi masa gori?"

"Kullum."

"To bai isa ba ne! Kuma in gaya maka, damon nan ba ya fita daga gidan nan. Ka taɓa shi da buhun nan in kai ƙararka wajen mai unguwa."

"Ki ce masa me? Mijinki ya ɗauke ɗansa daga hannun matar da ta bar shi da yunwa? Ni za a ba gaskiya, har a haɗa mini da tabarmar."

Yana faɗa yana naɗe hannun riga. Ya zuƙo maganin a sirinji, ya zari cokali daga kwandon wanke-wanke, ya nufi akurkin. Iya ta dafa ƙasa ta miƙe, ta bi shi da sandarta tana ta sababi, har kaji suka watse.

Agola yana can kusurwa, ya kafa kai a jikin katanga, yana ta kartar siminti da ƙafafun gaba. Ya karta, ya huta, ya sake karta.

"Kin gani? Tun makon jiya haka yake yi. Ciwon ciki ne yake murɗa shi."

Iya ta gani. Ta kwana biyu ba ta leƙa da kyau ba, sai dai ta watsa fara daga nesa ta juya, don ba ta son ganin abin da ta san za ta gani. Faratansa sun cinye, wasu sun tsage, ga jini ya bushe layi-layi a kan simintin. Rami bawan Allah yake nema tun da ruwa ya ɗauke, ita kuma ta san haka ta yi shiru. Tausayi ya kama ta, irin wanda yake zuwa tare da kunya.

Mujitaba ya tsallaka ciki, ya damƙe wuyan damon da hannu ɗaya, ya danne gindin wutsiyar da gwiwa. Agola ya kumbura, ya yi huci, ya gwada kaɗa wutsiyar nan da da can take tsaga ƙauri, amma yau ba ƙarfi.

"Karɓi cokalin nan ki buɗe mini bakinsa."

Ta karɓa. Amma ba ta sunkuya ba.

"Yi mana, Iya. Ko hannun ma ya yi ritaya?"

"Sake shi."

"Me kika ce?"

"Na ce sake shi, ja'iri, kafin ka shaƙe shi da ruwan sukarin nan! Lafiyarsa lau. Ciwonsa ɗaya ne, kai da simintinka. Damo ba ya ci da rani. Rami yake nema ya shiga ya kwanta, ba zai sake buɗe baki ba sai ya ji ƙamshin ruwan farko. Haka ubansa ya yi, haka kakansa ya yi, ba wanda ya kai su Kano."

Mujitaba ya sassauta hannu a hankali. Damon ya ja jiki ya koma kusurwarsa. Shi kuma ya miƙe, sirinji a hannu, ya zuba wa kakarsa ido.

"Tun yaushe kika san haka?"

"Tun ubanka bai zo duniya ba."

"Tun uba... Iya! Kika bar ni ina bin hanyar nan mai ramuka Talata da Juma'a? Ina barin aiki, mai ramin kuzar da nake yi wa aiki yana zazzaga mini masifa a gaban mutane? Na faɗi a gangaren rafi na ɗaye gwiwa, ke kika shafa mini man shanu kina 'sannu maigida, sannu maigida'! Har rubutu na sa aka yi masa!"

"Ai bai lalace ba, ni na shanye."

"Ba wasa nake yi ba. Ban yi barcin kirki ba tun da ya daina ci. Dubi ƙafafunsa! Tsakani da Allah, me na yi miki?"

Iya Asibi ta buɗe baki za ta mayar masa da baƙar magana. Abin da ya fito shi ne wanda ta fi ƙin ya fito.

"Da na gaya maka tun farko, da yau kana nan?"

Agola ya koma kartar simintinsa. Ta sunkuyar da kai tana jujjuya cokalin. Haushin kanta ya cika ta, tsofai-tsofai da ita ta tsaya tana roƙon jika ziyara kamar mai bara.

Mujitaba ya fito daga akurkin. Ya ajiye sirinjin a kan katanga, ya shiga ɗakin da ake tara kayan noman marigayi, ya fito da diga. Ya kifa wa Agola kwando a gefe, ya shiga saran simintin da shi ya malala da hannunsa. Yana sara yana haɗa gumi, ba ya kallonta, ita ma ba ta ce masa sannu ba. Da ya kai ga jar ƙasa ya kwashe ɓaraguzan, ya sassaɓe wurin, ya yayyafa ruwa kaɗan don ta yi laushi, sannan ya ɗage kwandon.

Agola ya zaro harshe ya taɓa ƙasar. Ya sake taɓawa. Sai ya kafa kai ya fara haƙa, a hankali saboda ƙafafun, ƙasa na zubowa ta bayansa. Jika da kaka suka tsaya a bakin akurkin suna kallo kamar ba su taɓa ganin rami ba, har kai ya ɓace, kafaɗu suka bi, ya rage wutsiya kawai a waje.

Iya ta gyara ɗaurin zani, ta ɗaure fuska tamau, don kada muryarta ta ba ta kunya.

"To, ga shi nan ya samu abin da yake so. Kai ma ka huta da hanya. Sai damina kenan, in da rai."

Ta juya za ta koma tabarmarta.

"Sai damina wa?"

"Kai mana. Me za ka zo yi? Gaida rami?"

Mujitaba ya jingine digar, ya karkaɗe wandonsa, ya dube ta sama da ƙasa yana girgiza kai.

"Lallai tsohuwar nan kin raina mini wayo. In tafi in bar miki nama kwance a rami, ba ya gudu, ba ya cizo, ga tukunya ga yaji a gida? Na san ku mutanen ƙauyen nan da farfesun damo. Ina juya baya za ki aika a kira mai wuƙa. In dawo da damina ki nuna mini fata a shanye ki ce kura ce ta shigo."

"Ni? Ni Asibi zan ci Agola?"

"Har da suɗar yatsa."

"Ɗan da na raina da hannuna? Kai, wannan ƙazafi da me ya yi kama! Jama'a ku zo ku ji abin da ake laƙaba mini da tsufana!"

"Kira duk wanda za ki kira. Ban yarda da ke ba ko na sisin kwabo. Duk Juma'a ina nan, in kara kunne a bakin ramin in ji numfashinsa. Ran da ban ji ba, bakinki zan shinshina."

Ta ɗaga sanda za ta kai masa, sai ta ga yadda yake danne dariya, idanunsa kuma sun ɗan kaɗa. Nan ta gane abin da yake faɗa mata. Ta yi ƙoƙari ta riƙe fushin nata, ta tura baki, ta harare shi, amma ina. Dariya ta ƙwace mata har ta dafa katangar akurkin.

"Ka ci ni, ɗan nema. Je ka wanke hannu, tuwo na hucewa."

Ya nufi randa. Ta bi bayansa da kallo, sannan ta ɗaga murya yadda har Hajara za ta jiyo ta bayan danga.

"Amma ka riƙa yin sammako, maigida. Ni da hantsi nake ɗora tukunya."